Jirgin Mutum Takwas

Babu macen ƙasarmu da ba ta san murjani ba. Kakanninmu mata a Gummi da Anka da Bukkuyum sun ɗaura shi a wuya da hannu, suka kuma bar wa 'ya'yansu gado. Amma in ka tambayi mutane inda ya fito, yawanci za su ce maka dutse ne da a ke haƙowa a ƙasa. Murjani kuwa gini ne na waɗansu 'yan ƙananan halittu masu rai da ke zaune a cikin teku. Jan murjani na ainihi yawancinsa daga Bahar Rum ya ke fitowa, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi a kan raƙuma har ya iso kasuwanninmu. Yana da dangi iri iri a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda su ke gina tuddai manya manya a ƙarƙashin ruwa. Allah ya ba ni zarafin ganin waɗannan da idona, na kuma koyo wani abu a can wanda ya shafi gidajenmu. Shi na ke so in gaya wa masu karatu.

A shekarar 2019 aka aike ni ƙasar Kenya wurin wani taron ma'aikatan Ekklesiya. Da aka tashi taro, 'yan'uwa na can suka kai mu wani gari a bakin Tekun Indiya, sunansa Watamu, kusa da Malindi. Tun 1968 gwamnatin ƙasar ta keɓe ruwan wurin. Ba a su a ciki, ba a kuma ɗaukar ko ɗan ƙwanso a tafi da shi. Masu ƙananan jirage suna kai baƙi kallo. Ƙungiya takan ɗauki jirgi guda ita kaɗai, ta biya, a kai ta inda tuddan murjani su ke. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu tsakanin dare da rana, saboda haka matuƙi ne ke faɗin lokacin tashi, ba mai kuɗi ba. Yakan jira sai ruwa ya janye ya kwanta.

Mu takwas ne. Kafin mu sa ƙafa a jirgi, matuƙin, wanda su ke kira nahodha da Swahili, ya ƙidaya mu da yatsa, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya miƙa wa kowa rigar ruwa, wato riga marar hannu da aka cusa wa abu marar nauyi, wadda ke riƙe mutum a saman ruwa ko bai iya iyo ba. Ya bi mu ɗaya ɗaya yana jan maɗaurin ya ga ko ya kama. Ana cikin haka sai ga wani baƙo da ɗansa, suka roƙa a tafi da su, mutumin har ya zaro kuɗi ya ce zai ƙara. A idona wuri yana nan, don da a gulbinmu ne, jirgin nan sai ya ɗauki mutum talatin. Matuƙin ya ƙi. Ɗan'uwan da ke yi mana tafinta ya ce, “Ya ce riguna goma gare shi, takwas naku, ɗaya tasa, ɗaya ta yaronsa. Ba ya ɗaukar kan da ba shi da rigarsa.”

Da muka isa, aka ɗaure jirgi a wani abu da ke yawo a saman ruwa, don an hana jefa anka kada ta farfasa murjanin. Aka ba kowa gilashi mai bakin roba wanda ke rufe ido da hanci, da ɗan bututu lanƙwasasshe. Ana kama gefe ɗaya da baki, ɗayan kuwa yana sama cikin iska. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta bututun yana kallo. Aka ce mu sauka biyu biyu, kowa ya lura da abokinsa, kada a taɓa kome, kada a taka kome.

Gani ya kori ji. Zurfin wurin bai fi tsawon mutum biyu ba, ruwan kuwa garau, har inuwarka kana gani a kan yashi. Ga murjani wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani dunƙule kamar rufin rumbu. Ga kifaye shuɗɗa da rawaya da masu zane kamar saƙi, suna shiga suna fita. Na ga wani mai baki irin na aku yana gatsar murjani, har kunnena yana jin ƙarar. Aka gaya mini daga baya cewa yana niƙa shi a ciki ya fitar da shi yashi, wani kashi na farin yashin bakin tekun aikinsa ne. Na ga wani ɗan ƙaramin kifi yana shiga bakin babba yana cire masa ƙwari, babban ya buɗe baki ya tsaya cik, kamar yadda sa ke tsaya wa carki. Har ɗan'uwan talibamban namu na gani, da tafiyarsa ta ƙasaita.

Halittar da ke wannan gini ba ta kai ƙwayar masara ba. Tana ɗiban sinadarin alli daga ruwa tana gina wa kanta ɗaki, in ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai. Irin dunƙulallen nan bai cika ƙara rabin inci a shekara ba, ka ga ke nan wanda ya kai girman rumbu ya girmi kakan kakanka. A cikin naman halittar akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani. Ita ta ba shi masauki, shi kuwa ya yi mata abinci da hasken rana, shi ne kuma ke ba ta launi. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ta kore shi, ta yi fari fat, in zafin ya daɗe ta mutu da yunwa. Haka ya faru a 1998, murjanin Kenya mai yawa ya mutu. A 2024 ma masana suka ba da sanarwa cewa abin ya sake game tekunan duniya. Waɗannan tuddai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in irin halittun teku a jikinsu su ke samun gida ko abinci. Mafi girma yana gabashin Ostireliya, tsawonsa wajen mil 1,400. Ina kwance a kan ruwan ina tunani, shekaru dubbai Ubangiji yana yi wa waɗannan abubuwa ado a inda babu mai kallo. Wanda ya kula da launin ɗan kifi haka, ina misalin ran mutum a wurinsa?

Da lokaci ya yi matuƙin ya busa usur, muka hau. Bai ta da inji ba sai da ya sake ƙidaya mu, ya duba littafinsa. Takwas suka tafi, takwas suka komo.

To, 'yan'uwa, mu ma masu ruwa ne. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ya wuce Jega, ga Gulbin Ka ta kudu. Ruwanmu ja ne da damina, ko ka sa gilashi ba ka ganin tafin hannunka, amma Mahaliccin nan guda ya cika shi da abin mamaki. Ga gaiwa da ke naɗe kanta cikin taɓo ta yi rani tana shaƙar iska har ruwa ya sauko. Ga minjirya mai wutar lantarki a jiki. Muna kuma da Sarkawa, waɗanda suka san ruwa kamar yadda manomi ya san gonarsa. Duk wanda ya je sun Argungu, wanda aka fara yi a matsayin biki tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin a 1934, ya ga yadda su ke kwanciya a kan gora da homa a hannu, su nutse su fito da giwan ruwa. Gorar nan ai rigar ruwa ce irin ta kakanni. Sanin ruwa ba baƙon abu ba ne gare mu.

Duk da haka ga abin da ya same mu. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Hawaye bai bushe ba, sai ranar Asabar 14 ga Satumba wani jirgin katako ya ɗauki manoma wajen 70 zai ƙetare da su zuwa gonakinsu, ya kife. Waɗanda aka rasa sun haura 40. Da safe suka fita neman abin da iyali za su ci. Ba mu kaɗai ba ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse a kogin Kwara wajen Warrah ta Jihar Kebbi da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan suka tsira. A Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka mutu wajen Patigi suna komowa daga biki.

Na ba wani tsohon Basarke labarin matuƙin Watamu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, ai mu ma haka muka tarar. Ubana yakan ɗora tafin hannunsa a gefen jirgi, in ruwa ya kusa cinye shi, ko ɗan akuya ba ya ƙarawa.” Na ce, “To, Baba, me ya canja?” Ya ce, “Mutane sun yi yawa, jirage kaɗan. Daji kuma ba lafiya, kowa yana so ya isa gona da sassafe ya komo kafin la'asar. In ka ce wa mutum ya jira sawu na biyu sai ya zage ka, ya faɗo ciki da ƙarfi. In ka ɗauki kaɗan kuma, kuɗin bai kai na tuwo ba.” Maganarsa gaskiya ce. Matuƙin Watamu yana iya ƙin mutum biyu domin takwas ɗin sun biya shi da kyau. Namu kuwa talaka ne yana ɗaukar talakawa. Saboda haka kada mu ɗora wa mai jirgi nauyin duka. Rabin nauyin yana kan mu masu shiga.

Na san abin da waɗansu za su ce: in kwana ya ƙare ya ƙare, Allah ne mai kiyayewa. Hakika shi ne. Amma a buɗe Ayyukan Manzanni sura 27 a karanta wa iyali. Allah ya riga ya yi wa Bulus alkawari cewa ba wanda zai mutu a jirgin nan. Duk da haka Bulus bai naɗe hannu ba. Ya hana matuƙa su gudu, ya sa kowa ya ci abinci ya sami ƙarfi. Aka zubar da alkama a teku don jirgi ya yi sauƙi. Da ya farfashe, waɗanda suka iya iyo suka fara faɗawa, sauran suka kama katakai. Wani ma ya ƙidaya su, shi ya sa muka san su 276 ne, dukansu kuwa suka kai gaci. Alkawarin Allah da hankalin mutum tafiya ɗaya suka yi. Ubangijinmu kansa ya ƙi ya diro daga kan Haikali don ya gwada tsaron Ubansa. Wanda ya ga bakin jirgi yana shan ruwa ya shiga, gwaji ya ke yi, ba bangaskiya ba.

Ga abin da na ke roƙon kowane gida. Maigida ya kafa doka cewa ba wanda zai shiga jirgin da ya cika, ko da za a yi asarar aikin yini. Aikin yini ana ramawa. Kada a ƙetare da dare ko hadari na tasowa. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa, amma ba ta da ma'aikaci a kowane mashigi, mu ne ke wurin. Inda babu riga, a riƙe gora ko jarka marar kome a ciki da aka toshe bakinta sosai, gama tana iya riƙe babban mutum har taimako ya zo. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko sanda ko igiya, don mai nutsewa yakan riƙe mai cetonsa su tafi tare. Da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, a nemi wanda ya iya ya koya wa yara iyo a gaban manya, har da 'yan mata, domin su ne za su zama iyaye masu ƙetarewa da goyo.

Ekklesiya ma tana da abin yi. Mukan yi baiko domin kwanon rufi da kujeru. Ashe dattawa da Zumuntar Mata da matasa ba za su iya tara kuɗin riguna ashirin su ajiye a mashigin da ke kusa da su ba? A je a gai da Sarkin Ruwa da mai gari, a shirya da su yadda za a adana, a kuma yarda a ƙara wa mai jirgi ɗan kuɗi don ya iya yin sawu biyu maimakon ɗaya. Kada a rubuta a jikin rigar cewa ta Kirista ce kaɗai. Gulbi ba ya tambayar mutum inda ya ke sujada, mu kuwa an umarce mu da ƙaunar maƙwabci. Riga guda da ta komo wa wata Musulma da mijinta za ta yi shaidar da wa'azi goma bai yi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwa yana cika a Agusta da Satumba, shiri kuwa tun rani a ke yi. Bari a kawo maganar nan a taron dattawa na wata mai zuwa. Mu kuma ci gaba da tunawa da gwauraye da marayun Gummi cikin addu'a da taimako. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da komowarmu. Amin.