Daga Tamale Zuwa Wa: Nisan Sama Da Nisan Ƙasa

Mu mazauna Madina da Nima da Maamobi, da yawanmu cibiyarmu tana Arewa. Ranar da aka bugo waya cewa an yi rasuwa, tambayar farko ita ce: za mu riski jana'iza kuwa? Musulmi ba ya jinkirta gawa. Don haka sanin nisan hanya ba aikin 'yan makaranta kaɗai ba ne.

Mu ɗauki Tamale da Wa. A sama, tsakanin filayen jirginsu bai wuce kilomita 190 ba, tafiyar da ƙaramin jirgin fasinja zai yi cikin wajen rabin awa. Amma a ƙasa abin ya kai wajen kilomita 300. Dalili kuwa, mota sai ta gangara kudu ta haye Farin Volta a Yapei, ta karya yamma a Fufulso, ta bi Damongo da Larabanga mai tsohon masallacin nan na ƙasa, ta raɓi dajin Mole, ta kai Sawla, sannan ta miƙe arewa zuwa Wa. Ko da aka gama kwaltar Fufulso zuwa Sawla a 2015, tafiyar takan ci awa biyar ko fiye.

A 2019 kamfanin Africa World Airlines ya fara kai fasinja Wa, yana biyawa ta Tamale, amma abin bai daɗe ba ya tsaya. A 2021 PassionAir ya buɗe hanyar Wa daga Ankara. To, a nan darasin yake: kusa a taswira ba shi ne kusa a tafiya ba. In babu jirgin da ya haɗa garuruwan biyu, mai son bin sama sai ya sauko Ankara tukuna, tafiyar awa ɗaya, ya jira wani jirgin, sannan ya sake komawa Arewa. Kafin nan mai mota ya isa har ya yi alwala.

Daga nan Ankara kuwa lissafin ya juya. Zuwa Tamale a mota ya haura kilomita 600, ta Kumasi da Techiman da Kintampo, kwana ake yi a hanya. Jirgi kuwa awa ɗaya ne, sai dai kuɗinsa ya ninka na mota.

Shawararmu ita ce, a lissafa tafiya daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. A haɗa da cunkoson hanyar Madina, da zaman jira a fili, da motar da za ta kai mutum ƙauye. A kuma tambayi ranakun tashin jirgi tun kafin buƙata ta taso.

Kakanninmu fatake sun yi watanni daga Kano zuwa Salaga neman goro, ba su yanke zumunci ba. Mu da Allah ya sauƙaƙa wa, ba mu da hanzari. Allah ya kai mu lafiya, amin.