Kotun da ta Koma Kaso

Ina cikin tattara kalmomin aro don kundin digirina na biyu na ci karo da "hoosegow", sunan da Amurkawa ke kiran gidan yari da shi a maganar titi. Tushenta "juzgado" ne na Sifaniyanci, wato kotu. A kudu maso yammacin Amurka, yankin da Meziko ta rasa a 1848, masu jin Ingilishi sun tsince ta a bakin maƙwabtansu, suka lanƙwasa ta. Ga wanda aka kama, ƙofar kotu ita ce ƙofar kurkuku, sai ma'anar ta zarce inda tafiyar ke ƙarewa. Haka "vamos", mu tafi, ta koma "vamoose", wato arcewa.

A daren na tuna kakana na Damagaram, wanda ya kwana kaso zamanin Nasara saboda haraji. Kalmar daga "cachot" na Faransanci take, ƙaramin ɗakin duhu, amma a bakinsa kurkukun duka kaso ne. A babina na farko na kira irin wannan sauyi gurɓata. Na soke kalmar, domin kakana abin da ya gani ya faɗa.