Manuwa A Tafin Hannu

Jama'a, an sha tambayarmu a bakin kantunan Highbridge, wai me ya sa magidanta da gemunsu su ke zama da dare suna shafa wa 'yan jiragen roba fenti? Waɗansu dattawa sun ce shiririta ce, waɗansu kuwa sun ce caca ce aka sake wa riga. Har mun ji an hana wani yaro zuwa wurinmu saboda wannan zance. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani, kowa ya auna da kansa.

Abin da mu ke shafa wa fenti siffar manuwa ce, watau jirgin ruwan yaƙi, an rage girmanta sau 2,400. Ku dubi Missouri, wadda aka ƙera nan Brooklyn aka jefa ta ruwa a 1944, a kanta kuma Japan ta sa hannun saranda ran 2 ga Satumba, 1945. Tsawonta ƙafa 887 ne, amma tamu ba ta kai inci 5 ba. Da fari sai a wanke ta da sabulu don fenti ya kama, a manna ta bisa ɗan katako. A yi shafen fari a bari ya bushe, sa'an nan a bi jikin da ruwan toka. A tsinka baƙin fenti da ruwa ya gangara cikin lunguna, bindigogi su fito sarai. Daga ƙarshe a mai da katakon teku, a ja farin kumfa a bayanta. Ba kuwa launin da mutum ya ga dama ya ke sawa ba. In ka yi wa manuwar Amurka ta 1943 daɓe mai launin katako, masana za su yi maka dariya, gama a lokacin shuɗi aka rina shi, don kada jiragen sama su hango ta.

Wanda ya ce aikin yara ne, to, ga labari. A 1917 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun addabi Ingila, suna ta nutsar da jiragen kayanta. Sai wani mai zane, Norman Wilkinson, ya ce ai ba a iya ɓoye jirgi bisa teku, amma ana iya ruɗa mai harbinsa. A zazzana masa ratsi-ratsi a karkace, baƙi da fari da shuɗi, har mai leƙe ya kasa gane inda ya dosa. A kan 'yan jiragen katako aka riƙa gwada kowane zane a London, a leƙa su ta madubin leƙe irin na jirgin ƙarƙashin ruwa, in ya ruɗa ido sa'an nan a kai shi ga babban jirgi. Kun ga ashe rayukan matuƙa sun taɓa rataya a kan buroshi irin namu.

Batun caca kuwa, ko sisi ba a zubawa. Mu tafarkin Fletcher Pratt mu ke bi, wani marubuci na nan New York, wanda a shekarun 1930 ya ke tara mutane a gidansa na Manhattan, su jera jirage a ƙasa su gwabza. Ga yadda a ke yi: ka dubi manuwar abokin gaba, ka ƙiyasta nisanta da ido, ka rubuta inci kaza. Alkalin wasa ya kawo tef ya auna. In ka dace ka same ta, in ka kuskure harsashinka ya faɗa ruwa. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi ɗansa ya koyi wannan? Ai idon da ke gane yadi shida na atamfa tun ba a warware ba, shi ne wannan.

Har wa yau, abin bai yi nisa da mu ba. Nan arewa da mu kaɗan, a Morris Heights, bakin kogin Harlem, kamfanin Consolidated ya ƙera ƙananan jiragen farautar jiragen ƙarƙashin ruwa a yaƙin Hitila. A wurin ne lambun Roberto Clemente ya ke yanzu. Kuma a 1943 da 1944 aka kwashi sojan Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, cikin jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama, da 'ya'yan zango a cikinsu. Yaran da aka haifa a Bronx ba su san wannan ba. Amma yaro in ya yi mako yana fama da manuwa guda, da kansa zai tambaya wa ta raka, ina aka nufa. Littafi ya ba mu sunan jirgi da launinsa, labarin waɗanda suka hau kuwa yana bakinku.

Saboda haka roƙonmu ga iyayenmu dattawa shi ne, kafin ku hana yaro, ku zo ran Asabar da la'asar ku gani da idonku. Wanda mahaifinsa ko kawunsa ya je Bama, ya zo da abin da ya ji daga bakinsa, yara su saurara. Mun tanadi kujeru da shayi. Allah ya bar zumunci, amin.