Gwajin QI na intanet: da wa aka gwada mu?

Kwanakin nan wani abu na ta yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da nan Facebook, wai gwajin basira, wanda ƴan lakwal ke ce ma gwajin QI. Tambayoyi ashirin ko talatin, zane-zane da lambobi, cikin minti goma salula ta yanke maka hukunci. Wanda ya samu 135 ya ɗauki hoto ya watsa ko'ina. Wanda ya samu 80 ba ka jin ɗuriyarsa, kuma shi ne ya fi damunmu, don sau da yawa ɗalibi ne mai shirin BEPC ko BAC, ga shi an gaya masa kansa bai ja.

Asalin abin daga Faransa ya fito. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara gwajin farko a Paris, don a gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Binet da kansa bai yarda cewa basira aba ce tsayayya da ba ta ƙaruwa ba. Sunan QI ma ba shi ya raɗa ba, wani Bajamushe ne, William Stern, a 1912.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. QI ba awo ba ne irin na tiya ko kilo. Matsayi ne, kamar a ce yaro ya zo na biyar a aji. To ajin wa? Mutum nawa ne a ciki? Masu gwaji na gaske, irin na Wechsler, sai sun fara gwada mutane dubbai da aka zaɓo da kyau daga ƙasa guda, kowa da sa'o'insa, sannan a sa tsakiyar sakamakon ya zama 100. Kusan mutum biyu cikin uku suna faɗawa tsakanin 85 da 115, waɗanda ke wuce 130 kuwa ba su fi biyu cikin ɗari ba sai da ɗan kaɗan. Kuma masani ne ke zama da kai ido da ido, fiye da awa guda, ya gwada magana, da tunani, da riƙe abu a ka, da sauri. Duk da haka ba ya ba ka lamba ɗaya tilo, yana faɗa maka tsakanin kaza da kaza ne.

Yanzu mu tambayi na intanet: ajinsa su wane ne? Mafi yawansu ba sa faɗi. In ma akwai, to waɗanda suka latsa shafin ne kawai, har da mai yin sa sau biyar da mai tambayar abokinsa amsa. Ka ƙara da rezo da ke yankewa lokaci na tafiya, da ƙaramin gilashin waya, da tambayoyi cikin Faransanci ko Ingilishi ga wanda ya tashi da Hausa ko Zabarmanci. In guruf ɗinku na mutum arba'in ne kuma goma sun zo da 130, ba taron haziƙai ba ne, mai shafin ne ya san babu mai watsa lambar da ta kunyata shi. Wasu kuma sai ka gama wahala su ce biya ka ga sakamako, kuɗi kaɗan, alhali a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa za a riƙa cira kowane wata. Kada mu manta, rikicin Cambridge Analytica na 2018 daga wani ɗan gwajin hali na Facebook ya taso, aka kwashi bayanan mutane har kusan miliyan 87.

Akwai kuma taswirar nan da ake turo mana, mai nuna wai ƙasashen Afirka QI ɗinsu bai kai 70 ba, har wasunmu na sa mata hannu suna cewa "ai shi ya sa ba mu ci gaba". Wannan ta fi ci mana rai. Tushenta littafin Richard Lynn da Tatu Vanhanen ne na 2002. Cikin ƙasashe 185 da suka jera, 81 kaɗai suke da wani gwaji a kansu, sauran ƙiyasi suka yi daga maƙwabta. Lambar 59 da suka ba Gini Ikwatoriya kuwa, da aka bi diddigi, sai aka tarar daga yaran wani gidan masu lalurar ƙwaƙwalwa ne a Sifen. Yara ne da ba a ma cikin ƙasar aka gwada su ba, amma lambarsu ta zama ta al'umma guda, kuma har yau tana yawo a wayoyinmu.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne lambar tana motsi. James Flynn ya nuna cewa a ƙasashen da aka daɗe ana gwaji, sakamako ya riƙa hawa da kusan maki uku duk shekara goma a ƙarni na 20, yayin da karatu da abinci da lafiya ke gyaruwa. Wani babban nazari na 2018 ya nuna kowace shekara guda ta ƙarin makaranta na ƙara maki ɗaya zuwa biyar. Ke nan yaron Dakwaro ko Tanut da ya yi wata uku aji a rufe, ko yake karatu a rumfar kara da ciki wayam, in ya samu lamba ƙasa, wani ɓangare na abin da aka auna halin da yake karatu ne.

Iyaye, in yaro na shan wuya a lakwal, ku je ku zauna da mushensa. A duba ko yana ganin allo daga inda yake zaune, ko kunnensa na ji sosai, ko yana karyawa kafin ya fita, ko Faransancin ne bai kama ba tun daga CI. In duk wannan lafiya lau ne kuma matsalar na nan, sai a nemi likita ya tura ku wurin masanin da zai zauna da yaron ya gwada shi.