Ba Son Jiki Ba Ne

Wata bakwai da kai ni ɗakin miji aka fara ce min raguwa. Da asuba in na farka sai in ji kamar an kwana ana kirɓa ni a turmi, tun daga wuya da kafaɗu har gadon baya da cinyoyi. Barci kuwa ina yin sa, amma da gajiyata nake tashi. Rannan Hajiya, uwar mijina, ta leƙo ta tarar da ni kwance da hantsi, ta taɓe baki ta ce, "'Yan boko ke nan, son jiki kamar mage." Na yi kuka har idona ya kumbura, don da kunnena na ji tana yi wa ɗanta zancen ƙarin aure.

Na sha rubutu, an yi min hayaƙi, gwaggona ma ta rantse sammu ne. A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce komai lafiya lau. Wallahi wannan "lafiya lau" ɗin ta fi ciwon ƙona min rai, don tamkar shaida ce cewa ƙarya nake.

Sai da Allah ya haɗa ni da wata likita mai haƙuri. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "'Yar'uwa, ciwonki gaskiya ne, sunansa faibiromayaljiya, kuma ya fi kama mata." Wai jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke kambama zafi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, shi ya sa hoto ba ya nuna komai.

Ta tura ni sashen gashin ƙashi. Can aka nuna min TENS, wata 'yar na'ura mai batir da ba ta wuce tafin hannu ba. Ana manna faifanta a kafaɗu da ƙugu, sai ka ji yam-yam kamar kiyashi na yawo a fata. Da farko tsoro na ji, ni da ko wayar dutsen guga ba na so in taɓa! Ashe an gwada ta a Amurka kan mata 301, aka fitar da sakamakon a 2020: waɗanda suka yi sati huɗu suna sa ta suna harkokinsu sun sami sauƙin ciwo da gajiyar da motsi ke tayarwa. Amma an gargaɗe ni: ba a manna ta a maƙogwaro ko a ka, kuma mai juna biyu, mai farfaɗiya da wanda aka dasa wa na'urar zuciya sai da izinin likita.

Na'urar ba ta warkarwa, hanya kawai take buɗe wa motsa jiki, wanda shi ne babban maganin. Minti biyar na fara zagaya tsakar gida. Da na ji dama-dama sai zumuɗi ya ɗebe ni, na wanke kayan gidan kaf a yini ɗaya. Kwana uku ban tashi ba. Daga nan na koyi ƙarawa kaɗan-kaɗan, yanzu ina yin rabin awa bayan la'asar.

Ciwon yana nan, wasu ranakun har yau da ƙyar nake ɗora tukunya. Maigida dai ya bar zancen, ko da yake ban saki jiki ba. Shekaranjiya ina cikin zagayena Hajiya ta yafito ni, ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan abin naki, yana yi wa gwiwa?"