Darasin Kwalli a Ofishin Farfesa

Binciken da nake yi a kan kalmomin ma'adinai a Hausa shi ya kai ni ofishin wani farfesan ilimin duwatsu da ma'adinai, dattijo da ya kusa ajiye aiki. Na je da niyyar ya duba mini jerin kalmomi na 'yan mintuna, amma ban fito ba sai da aka kira la'asar.

Ya ba ni labarin cewa a filayen kuza na tsaunukan Jos ya fara aikin fili, yana nazarin duwatsun da kuza ke fitowa daga cikinsu. Daga baya hankalinsa ya koma kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Sakkwato, wato wane shimfiɗin yashi ne ke riƙe ruwa, wane yumɓu ne ke tare shi. A aji kuwa, ba ya fara darasi da littafi. Dutse yake miƙa wa ɗalibi ya ce ya faɗi sunansa da harshen gidansu. A ganinsa, mutanen da suka narka kuza a Riruwai tun kafin zuwan kamfanonin Turawa, suka kuma san tama da marmara da kanwa, ba za a ce ba su da ilimin ƙasa ba.

Muna cikin hira sai ya ɗauko wani dunƙule mai nauyi da ƙyalli, ya ce, "Malam, mene ne wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kwalli ne." Ya ce haka ne, kuma irin wannan kwallin shi ne dutsen da ake narkawa a sami dalma. Jikina ya yi sanyi, domin a jerin nawa kalmomin biyu shafinsu daban, ban taɓa sanin akwai dangantaka tsakaninsu ba. Na tuna kuma da shi aka yi mini tozali ina jinjiri.

Daga nan ya kawo zancen Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya da ake daka ana niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ya ce masana sun daɗe da sanin haɗarin, amma sanin yana kwance cikin mujallun Ingilishi.

Wannan magana ta sauya mini alƙibla. A da, ina ɗaukar aikin kalmomin fannu a matsayin hidimar raya harshe kawai. Yanzu na koma ina tambayar mahaƙa da mata masu daka yadda suke kiran kowane dutse, ina kai wa Farfesa samfurin ya tantance, sannan in rubuta ma'anar tare da illar abin, idan yana da ita. A sabon jerin, kwalli da dalma suna shafi ɗaya.