Makino: Tsibirin da dawaki ke sa takalmin roba

Uwargida, idan Allah Ya kai ki jihar Mishigan ta Amurka, akwai wani ɗan tsibiri a Tafkin Huron da ake kira Makino. Tun 1898 aka hana motoci yawo a cikinsa. Kina sauka daga jirgin ruwa, warin kashin doki ne zai fara yi miki maraba, sannan ƙamshin alewar madara da cakulan da garin ya yi suna a kanta. Tasi keken doki ne, mai kwashe shara ma haka. An dai bar motar asibiti da ta kashe gobara, kuma a matsayina na nas, wannan ya kwantar min da hankali.

Ki kasa kunne idan keken doki ya zo wucewa. Ba za ki ji ƙwal-ƙwal ɗin ƙarfe sosai ba, sai wani dum-dum a daƙushe. Da yawa daga cikin dawakin nan, ƙatti masu nauyin da kan kusan tan guda, takalmin roba mai tauri ake buga musu, da ƙarfe a cikinsa don ya riƙe ƙusa. Kada ƙusar ta tayar miki da hankali, bangon kofato kamar farcenki yake, ba ya jin zafi.

Duk wadda ta taɓa kwana a tsaye kan tayil ɗin asibiti ta san dalili. Mu ba ma wasa da takalmi mai taushin ƙasa, don in ƙasa ba ta lotsa ba, gwiwa da ƙugu ne ke biyan bashin. Doki ma haka. Ƙarfe a kan kwalta yana mayar da girgizar kowane taku zuwa gaɓoɓi, ga santsi idan an yi ruwa, ga cin titi. Roba tana shanye wani ɓangare na bugun, tana kuma kama hanya, abin da ke da muhimmanci a gangaren otal ɗin Grand, wanda aka buɗe a 1887, lokacin da keke cike da mata da yara ke turo dawaki daga baya.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Kofato yana buƙatar ɗan zamewa kaɗan idan ya sauka. Takalmin da ya cika riƙo yana iya murɗa gaɓa. Robar kuma tana cinyewa, kofaton yana tsiro, don haka bayan 'yan makonni sai an koma wurin maƙeri. A ganina duk da haka ta fi wa dokin da ke wuni kan kwalta.

Titin da ya kewaye tsibirin bai fi kilomita 13 ba. Ki je da bazara, domin sanyi na shigowa ake kwashe yawancin dawakin a jirgin ruwa zuwa gonaki su huta. Ki kuma riƙe hannun yara, tunda dokin da ke sanye da roba ba ya sanar da zuwansa daga nesa.